Tallafin wankin ƙoda: Aikin da na'ura ba za ta iya yi wa majinyata ba

A shekarar 2025 Fadar Shugaban Ƙasa ta sanar da cewa Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wankin ƙoda daga kimanin Naira 50,000 zuwa Naira 12,000 a kowane zama, a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare a Jihar Bauchi. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin cutar ta sa gidaje da dama sun sayar da gona da fili, wasu ma har da jarin da suke ci da shi.

Sai dai idan aka zauna aka buga lissafi, murnar takan ragu. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana bukatar wanki sau uku a mako, wato sau 12 zuwa 13 a wata. A sabon farashin, kuɗin ya kama kusan Naira 150,000 duk wata, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Ba a ma zo kan allurar ƙarin jini da magunguna da gwaje-gwaje da kuɗin mota ba. Ƙaramin ma'aikaci ko ɗan tireda da ya faɗa wannan hali har yanzu bai tsira ba, an dai sassauta masa igiyar ne kawai.

Akwai kuma tambayar da ta fi ta farashi nauyi, wadda ba a cika yin ta ba: me ya sa yawancin majinyata ba su sanin suna da cutar sai ranar da likita ya ce a kai su ɗakin wanki? Amsar tana cikin yadda ƙoda take da yadda jiki ke sarrafa ta. Wanda ya fahimci wannan zai ga inda ya kamata kuɗin gwamnati su fi zuwa.

Lita 180 a kullum

Ƙoda guda biyu ce, masu siffar ƙwayar wake, suna can bayan ciki a gefe da gefen ƙashin baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannun mai ita ba: tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta kimanin giram 150. Ta dama ta ɗan fi ta hagu yin ƙasa saboda hanta ta danne ta. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa su yake nufa, fiye da lita guda a kowane minti.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatu kimanin miliyan guda, waɗanda likitoci ke kira nefron. Kowane nefron yana farawa ne da wani ƙulli na jijiyoyin jini da suka fi gashi siranta, zaune a cikin wani ɗan ƙoƙo wanda likitan Ingila William Bowman ya bayyana a 1842. Ƙarfin bugun jini ne ke tura ruwa da gishiri da suga da dattin jiki su ratsa bangon waɗannan jijiyoyi kamar yadda ƙullu ke ratsa abin tata, ƙwayoyin jini da manyan sinadaran furotin kuwa su tsaya a baya kamar dusa.

Ruwan da ake tacewa ta wannan hanya ya kai lita 180 a yini da kwana, wato cikin jarka tara masu lita 20. Da a ce duka zai fita a matsayin fitsari, da mutum bai kai azahar da rai ba. Abin da ke faruwa shi ne, ruwan yana bin wani dogon bututu mai lanƙwasa, inda ƙoda ke mayar wa jini kusan kashi 99 cikin 100 na abin da ta tace: ruwa, gishiri, da dukkan sugan da ya fito. Abin da ya rage, lita ɗaya da rabi ko makamancin haka, shi ne ke gangarawa mafitsara. Idan suga ya yi yawa a jini har bututun ya kasa kwashe shi duka, sai ragowar ya bi fitsari yana jan ruwa tare da shi. Dalilin ke nan da mai ciwon suga ke yawan zagayawa, kuma shi ya sa tun zamanin da ba a san asibiti ba mutane suka lura cewa tururuwa na taruwa a kan fitsarinsa.

Wani sashe na bututun yana nutsawa can cikin ƙoda ya juyo kamar ƙugiya. Bajamushe Jakob Henle ne ya gano shi, kuma aikinsa shi ne tara gishiri a tsakiyar ƙoda, ta yadda wurin zai zama kamar busasshen soso mai jiran ruwa. Dabbobin hamada suna da wannan lanƙwasa mai tsawo sosai, kuma tana daga cikin abin da ya sa raƙumi ke kwanaki bai sha ruwa ba.

Wa ke ba ƙoda umarni?

Ƙoda ba ita kaɗai ke yanke shawarar yawan fitsarin da za ta fitar ba. Umarni take karɓa daga wasu sinadarai da jiki ke aikawa ta cikin jini, waɗanda ake kira homon, kuma uku ne suka fi tasiri a nan.

Na farko daga ƙwaƙwalwa yake fitowa. A ƙasanta akwai wani sashe da aikinsa ke nan auna kaurin jini dare da rana. Ɗan dako ya yi awa uku yana sauke buhuna a rana, gumi ya kwashe masa ruwa, gishirin jininsa ya ƙaru da kashi ɗaya ko biyu cikin 100 kacal: wannan ya isa. Nan take ƙwaƙwalwa za ta tayar masa da ƙishirwa, ta kuma saki homon ɗin da ake kira basofiresin, mai hana zubar ruwa. Idan ya isa ƙoda, sai ya buɗe wasu ƙananan ƙofofi a bangon bututun ƙarshe, ruwa ya tsere ta cikinsu zuwa wancan wuri mai gishiri, daga nan ya koma jini. Ba'amurke Peter Agre ya samu kyautar Nobel a 2003 saboda gano irin waɗannan ƙofofi. Sakamakon kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba: fitsari kaɗan, mai duhu, mai wari. Da wannan dabara jiki kan rage fitsari zuwa rabin lita a rana, kuma ita ce ke riƙe mai azumi lafiyayye daga asuba zuwa magariba a tsakiyar bazara. Idan kuwa mutum ya sha ruwa ya ƙoshi, sai ƙwaƙwalwa ta janye homon ɗin, ƙofofin su rufe, fitsari ya fito fari da yawa. Akwai cutar da ke hana jiki samar da shi, mai ita kan yi fitsarin da ya haura lita 10 a rana. Barasa ma tana danne shi, shi ya sa take busar da mai shan ta.

Na biyu tsari ne mai hawa-hawa, kuma daga ƙodar kanta yake farawa. Idan ta ji jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta saki sinadarin renin, wanda aka gano tun 1898. Renin yana taɓa wani furotin da hanta ke yi, daga nan a samu anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyin jini don ƙarfin bugunsa ya tashi. Shi ne kuma ke aika saƙo ga wata 'yar tsoka da ke zaune a kan kowace ƙoda kamar hula, ita kuma ta saki aldosteron, wanda ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri. Inda gishiri ya tsaya kuwa, nan ruwa ke tsayawa. Na uku birki ne: idan jini ya cika har ya buɗa zuciya, sai zuciyar ta saki nata homon ɗin da ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa.

Wannan tsari ya dace da mutumin da ke rayuwa a inda ruwa ke wuya, gishiri kuma sai ayari ya kawo daga Bilma. Yau gishiri ya cika ko'ina: a dunƙulen ɗanɗanon miya, a yajin tsire, a taliyar leda, har da kanwa, wadda ita ma sodiyam ne a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kimanin ƙaramin cokali guda. Tukunyar miya ɗaya a gidajenmu na birni takan ci dunƙule huɗu ko biyar kafin a kai ga barbaɗa gishirin kansa. Jikin da ya ƙware wajen riƙe gishiri, aka kuma cika shi da gishiri, hawan jini zai haifar. Hawan jinin yana ƙona waɗancan siraran jijiyoyi na matata, ƙodar da ta ji rauni ta ɗauka jini ne bai ishe ta ba, ta ƙara sakin renin, jinin ya ƙara hawa. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji ko ciwon kai ba.

A nan ne matsalar take. Nefron da ya mutu ba ya dawowa, amma 'yan uwansa sukan ɗauki aikinsa, homon kuma su daidaita sauran. Mutum na iya rayuwa lafiya lau da ƙoda guda, shi ya sa ake iya bayar da ɗaya kyauta. Wannan ƙwarewa wajen rufa asiri ita ce ke yaudarar majinyaci. Kafin ƙafa ta kumbura, fuska ta tasa da safe, amai da kasala da ƙaiƙayin jiki su bayyana, galibi mafi yawan aikin ƙodar ya riga ya tafi. Ana fara maganar wanki ne idan abin da ya rage bai kai kashi 15 cikin 100 ba. Alamun farko kuwa ba su da hayaniya: kumfa mai daɗewa a kan fitsari, wadda ke nuna furotin ya fara ratsa matata, ko yawan tashi fitsari cikin dare saboda ƙoda ta fara kasa amsa umarnin tattalin ruwa. Da yawa ma ko waɗannan ba su gani.

Zafi, ƙishirwa da ƙwayar ciwon jiki

Hawan jini da ciwon suga su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya, amma ba su kaɗai ke aiki a Arewa ba. Shekaru da dama ke nan ana kokawa da yawan masu ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe, da wasu garuruwan da ke bin kogin yankin har zuwa Haɗeja. Gwamnatin Yobe tana yi wa majinyata wanki kyauta, ta kuma ɗora wa cibiyar binciken kimiyyar lafiya da ke Jami'ar Jihar a Damaturu aikin gano musabbabin lamarin. Abubuwan da masana ke zargi sun haɗa da ƙarafa masu guba a ruwan sha, magungunan feshi na noma, da tsananin zafi.

Wannan ba a Yobe aka fara ganinsa ba. A Nikaraguwa da El Salbado, dubban matasa masu yankan rake sun mutu da ciwon ƙoda alhali ba su da suga ba su da hawan jini. An ga irin haka a tsakanin manoman shinkafa a Siri Lanka. Bayanin da ya fi ƙarfi game da masu yankan raken shi ne aiki mai nauyi a cikin zafi da ƙarancin ruwa, kullum, kaka bayan kaka. Basofiresin da renin an yi su ne don ceto na ɗan lokaci. Idan suka zama abin kullum, ƙoda na aiki da jini kaɗan tana tattara fitsari iya ƙarfinta, ƙananan raunuka suna taruwa har su zama tabo. Abin da ya fi jan hankali shi ne maganin da aka gwada a wata babbar gonar rake a Nikaraguwa: ruwa a kusa, hutu a kan ƙa'ida, da rumfar inuwa da ake matsar da ita tare da ma'aikata. Raunin ƙoda ya ragu a tsakaninsu, ba tare da an sayi na'ura ko guda ba.

Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yola da Kano. A wannan yanayi 'yan dako da masu tura baro da leburorin gini da masu Keke Napep ke neman abinci. Ba su kaɗai ba ne. 'Yan kasuwa da yawa suna rage shan ruwa da gangan don kada su bar shago, ko don banɗakin kasuwar ba ya shiguwa. Ma'aikata, musamman mata, sukan yini a ofis baki a bushe saboda famfon banɗaki ya shekara bai kawo ruwa ba. Ba a taɓa lissafa gyaran banɗaki cikin ayyukan lafiyar ƙoda, alhali yana ciki.

Sai kuma abin da ke biyo bayan tashi daga aiki. Jiki ya yi tsami, sai a tsaya wajen mai kemis ko mai tallar magani a tire a karɓi haɗin ciwon jiki, wanda da wuya a rasa daikulofenak ko ibufurofen a ciki, wani lokaci ma duka biyun. Ga inda haɗarin yake: a lokacin da anjiyotensin ke matse jijiyoyi saboda ƙarancin ruwa, ƙoda tana da wani sinadari nata da ke buɗe jijiyar da ke kawo wa matata jini, don kada ta shaƙe. Waɗannan ƙwayoyi suna kashe ciwo ne ta hanyar toshe irin wannan sinadarin a duk jiki, har da na ƙoda. Wanda ya sha su jikinsa a bushe ya rufe wa ƙodarsa ƙofar da ta rage. Sau ɗaya ba lallai ya yi illa ba, amma akwai waɗanda suka mayar da su abin kowane dare. Haka kuma jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gora a tashoshin mota, waɗanda ko mai sayarwar bai san adadin abin da ke ciki ba, da mayukan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri, duk ƙoda ce ke karɓar su a ƙarshe.

Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana abin da sakaci da magani ke yi. Tsakanin 2008 da 2009, maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da wani sinadarin masana'antu mai guba, ya kashe yara aƙalla 84 ta hanyar tsayar musu da ƙoda. A 2022 irin wannan guba a cikin magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya ta hallaka yara kusan 70 a Gambiya. Waɗannan sun fito fili ne saboda mutuwar ta zo a tare. Ɓarnar ƙwayar ciwon jiki kuwa a hankali take tafiya, ba wanda ke ƙirga ta.

Ga kuma gado. A 2010 masu bincike suka gano cewa wasu nau'o'in ƙwayar halitta mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Afirka ta Yamma saboda suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, suna ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wanda aka taɓa yin cutar a gidansu yana da ƙarin dalilin zuwa gwaji tun yana jin kansa garau.

Inda kuɗin ya kamata su je

Ba wanda zai ce a janye tallafin wanki. Wanda ke kan na'ura yau ba shi da wata hanya, kuma barin sa kisa ne. Amma ya kamata a san iyakar abin da ake saye. Tun da likitan Holan Willem Kolff ya ƙera na'urar farko a 1943 an inganta ta ƙwarai, sai dai har gobe tacewa kawai take yi. Awa huɗu sau uku a mako awa 12 ke nan, ƙoda kuwa awa 168 take aiki a mako. Na'ura ba ta jin umarnin basofiresin, don haka dole majinyaci ya riƙa auna ruwan da zai sha ko da ƙishirwa na cin sa a watan Afrilu. Ba ta samar da homon ɗin da ƙoda ke aika wa ɓargo don ya yi jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa ake sayen allurarsa da tsada. Ba ta kuma kunna bitamin D da ƙashi ke bukata. A zahiri ma majinyata da yawa ba su iya zuwa sau ukun. Sukan zo ne duk ranar da kuɗi suka samu, su ɓace idan sun ƙare.

Dashe ya fi wanki, kuma ana yin sa a gida: Asibitin St. Nicholas da ke Legas ya fara a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Amma kuɗinsa miliyoyi ne, ga magungunan hana jiki ƙin baƙuwar ƙoda da za a sha har ƙarshen rai, ga wahalar samun mai bayarwa. Hukuncin ɗaurin shekara tara da wata takwas da wata kotu a Landan ta yanke wa tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Ike Ekweremadu a 2023, kan yunƙurin cire ƙodar wani matashi don 'yarsa, ya nuna cewa ko masu hali cutar na kai su bango.

Abin takaicin shi ne, gano cutar da wuri ba shi da tsada. Abu uku ne: awon jini, tsoma 'yar takardar gwaji a fitsari don neman furotin, da gwajin jini na kiriyatinin wanda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Biyun farko ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa zai iya yin su cikin minti kaɗan. Magungunan da ke karya wancan zagaye na renin da anjiyotensin, irin su lisinofiril da losatan, sun daɗe a kasuwa, suna da arha idan aka kwatanta da zama guda a kan na'ura, kuma an tabbatar suna jinkirta lalacewar ƙoda idan likita ne ya rubuta yana kuma bibiya. Kuɗin wankin mutum ɗaya na wata guda zai auna unguwa guda.

Hanyoyin biyan kuɗin ma akwai su a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Ma'aikacin da ake yankar albashinsa da sunan inshora yana da hujjar neman a yi masa waɗannan gwaje-gwaje sau ɗaya a shekara, ƙungiyoyin ƙwadago kuma suna da hujjar sanya wannan cikin abin da suke zama da gwamnati a kansa. Matsalar ta siyasa ce: cibiyar wanki ana yanka mata kyalle a ɗauki hoto, kwalin takardun gwajin fitsari kuwa ba wanda zai kira 'yan jarida a kansa.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa ba sai sun jira Abuja ba. Suna karɓar kuɗin tsaro da na shara a hannun mambobinsu. Tankin ruwan sha da banɗaki mai tsafta da rumfar da 'yan dako za su huta a cikinta ba su fi ƙarfinsu ba, haka ma gayyato ma'aikatan lafiya su yi awon jini a bakin kasuwa sau biyu a shekara. Hukumar NiMet takan fitar da gargaɗin tsananin zafi duk bazara, amma gargaɗin yana tsayawa ne a rediyo. A wasu ƙasashen Larabawa, ciki har da Saudiyya da Katar, doka ce ke hana sa leburori aiki a rana a tsakiyar yini cikin watannin zafi. Gwamnonin Arewa za su iya fara irin wannan da 'yan kwangilar da ke yi musu tituna da gadoji, ta hanyar rubuta lokacin hutu da samar da ruwa a cikin takardar kwangilar tun kafin a sa hannu.